Kilishin Hanyar Makka

Ni ƴar mahauta ce, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don wannan ba. A Gure akwai gidajen da ba sa neman aure a gidanmu, amma ranar kasuwa su za ka gani a gaban rumfar mahaifina suna haɗiyar yawu. Kilishinsa har daga Kelle ake aikowa a saya. Shi kuwa mutum ne mai taurin kai da rowar yabo. In abu ya yi masa daɗi ba ya cewa ya yi daɗi, sai ya laluɓo masa ɗan aibi ya faɗa. Ranar da ya ce wa innata miyarta ta cika ruwa, ranar ce yake suɗe akushi.

Labu, wato kwaɓin da ake tsoma naman a ciki bayan ya sha rana, ba ya barin kowa ya sa masa hannu. Mu mata namu daka ne kawai. Shi zai zauna gaban turmin da ya gada ya haɗa tunkuza mai maiƙo, da albasar kwari, da citta, da kanumfari, da masoro, da ruwan dabino da aka jiƙa aka tace. Kilishin ya fito ja, mai taushi, yana ƙyalli. Ban ci irinsa a wurin kowa ba har yau.

Na yi aure a gidan Mangawa, masu bin raƙuma zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino. Can uwar mijina ta koya mani wani nama dabam, na matafiya, wanda ake yi don ya daɗe. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu. Ban jima da dawowa ba, ƴan shekaru kafin babban yaƙin Turawa, mahaifina ya ce zai bi ayarin alhazai zuwa Makka a ƙasa. A wancan zamani wanda ya kama hanyar gabas shekaru yake yi, wani ya dawo, wani sai labarinsa. Ya yanka sa don guzuri, ya zauna haɗa labunsa kamar kullum.

Ina tsugune ina miƙa masa kayan yaji, bakina ya ƙi shiru.

“Baba, wannan labun na kasuwa ne. Mai ya yi yawa, ga albasa ɗanya, ga dabino. In kun shiga ƙasa mai laima zai juya.”

Ya ɗago ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, don haka uwata yake ce mani, ko da faɗa ne.

“Uwata, yau ke za ki koya mani kilishi? Kakanki a kan wannan turmi ya tsufa. Kin je gidan masu raƙuma kin ci busasshiyar fata, kin dawo kina mani karatu.”

Na ji zafi ƙwarai. Ni ma jininsa ce, taurin kan ba a nesa na samo shi ba. Na tashi na ɗauki cinya guda, innata tana ta ƙifta mani ido, na yi bayan gida da ita.

Na yanka naman siriri har ina hango yatsuna ta bayansa, na cire duk wani kitse, na shanya a gadon kara. Tunkuzar na matse ta har hannuna ya yi ciwo, na soya ƙuli-ƙuli ya bushe ƙarau, na dake shi ya zama gari. Ban sa albasa ba, ban sa dabino ba. Na zuba manda, gishirin ƙasarmu, da citta, da kimba, da busasshiyar tafarnuwa, da barkono ba na wasa ba, don shi ke korar ƙwari. Ruwa kuwa yayyafi kawai na yi, na murza yajin da tafin hannu ya shiga naman. Ya koma rana, ya hau garwashi, ya sake komawa rana. Da ya gama sai ga shi baƙi, mai tauri, ba kyan gani ko kaɗan. Na naɗe shi a ganyen kaba, na cusa a jakar fata.

Ranar tafiya na kai masa. Ya zaro ɗaya, ya ƙwanƙwasa a goshin jakinsa, mutane suna kallo.

“Madalla, uwata ta yi mani takalma. In nawa sun tsinke na samu na canji.”

Aka yi dariya. Bai ɗanɗana ba. Ya dai ɗaure jakar a can ƙarƙashin kaya. Aka yi addu’a, aka yafi juna, ni kuma don fushi “Allah ya kiyaye hanya” kawai na ce. Na tsaya har suka haye tudun yashi suka ɓace.

Abin da ya zauna mani a rai ke nan shekara da shekaru. Na kunyata tsoho a kan sana’ar ubansa, kuma da wannan muka rabu. Ban sani ba ko ya jefar da jakar a hanya, ko ya tafi da ɓacin raina. Duk ayarin da ya ɓullo daga gabas sai na fita ina duba fuskoki.

Wanda ya dawo abokinsa ne, wani maɗinki da suka tashi tare. Ya rame har da ƙyar muka gane shi. Ya zauna a zaurenmu ya ce mahaifina ya sauke farali, ya ga Ka’aba da idonsa, a hanyar dawowa Allah ya karɓi abinsa. Da aka yi kuka aka lafa, sai ya sa aka kira ni.

“Ƴata, ina da saƙonki. Kilishin babanki tun ba mu wuce tafkin Cadi ba ya fara warin tsohon mai, ya yi fumfuna. Da hannunsa ya zubar. Naki ne ya raka mu cikin dajin da babu gari. Mu jiƙa shi, mu tafasa da garin gero, mu sha. Da ciwon ciki ya kwantar da shi, romon naman nan ne ya tashe shi.”

Na ce, “Baba Alhaji, ya yi fushi da ni?”

“Fushi? Ai ya ishe mu. Duk wanda ya gutsura wa, ko ba ya jin Hausa, sai ya buga ƙirji ya ce, ƴata ce ta yi, ni na haife ta. Kuma da ya ji jikinsa ya ƙi, ya riƙe hannuna ya ce in na isa Gure in gaya maki turmin kakanki naki ne. Sannan ya ce lalle kada in manta, in ce maki barkono ya yi yawa.”

Na fashe da dariya, hawaye suna zuba, innata ma haka. Maɗinkin ya yi ta kallonmu, bai gane ba. Mu kuwa mun san mai maganar.

Tun daga nan masu raƙuma da masu niyyar Makka ƙofata suke zuwa, mace a kan turmin mahauta, kuma ba wanda ya isa ya ce don me. Na yi wannan aiki har hannuwana suka gaji. Barkonon ban rage ko ƙwaya ɗaya ba. In wani ya ɗanɗana ya hura baki ya ce ya yi yawa, sai in ce masa, wanda ya fi ka sanin nama ya riga ka faɗa.