Kai Akuyar Baba Yolde Pate Neman Zaren Gizo-gizo

Shagari Low Cost

Ana idar da sallar asuba Baba ya buga mini ƙofa, igiyar akuya a hannunsa. Asabar ce, ranar da nake hutawa da hayaniyar 'yan firamare, amma wa ya isa ya ce wa Baba a bari sai gobe?

Ga abin da ya jawo tafiyar. Ƙanena Bukar yana cikin mafarautan da ke taya sojoji yaƙi can wajen Madagali. Baba kuwa maɗinkin hula ne tun muna Borno, kafin rikici ya koro mu nan Yola. Wata rana ya ji a rediyo cewa Turawa sun yi wa awaki dabara, ana cire zaren gizo-gizo daga nononsu, zaren da ake ɗinka rigar da harsashi ba ya hudawa. Shi ke nan, ya ce shi zai ɗinka wa ɗansa.

Lissafinsa mai sauƙi ne: akuya ta ci ganyen darbejiya, nono ya yi ɗaci, to ta ci saƙar gizo, nono ya yi zare. Ya hana mu share kusurwar ɗaki. Kullum sai ya bi bango da kara yana kwaso yana, ya cuɗa mata a dusa. Zare bai fito ba, sai tari da akuyar ta kama. Na yi magana har na gaji. Da aka ce akwai tsohon likitan dabbobi a Yolde Pate, ya ce can za mu, wataƙila allura ce ta rage.

Shingen sojoji

Masu Keke biyu suka wuce mu. Na ukun ya leƙo ya ce, "Hajiya, wannan akuya zai zauna ne ko zai tsaya?" Ta zauna, a kan ƙafafuna, ta kuma yi abin da awaki ke yi a kan atamfata.

A shinge aka ce kowa ya sauko. Soja ya nuna ƙullin ledar da Baba ya rungume.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Saƙar gizo ce, ɗana."

Ya buɗe, ya duba, ya kira abokinsa shi ma ya duba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba kuwa ya kama rigar sulken sojan yana murza ta da yatsa, wai yana duba irin ɗinkin. Da ƙyar na janye shi muka wuce.

Cikin Yola

Mai Keke ya ce iyakarsa nan, tarin akuya ya ishe shi. Muka sha kunun gyaɗa da ƙosai a bakin hanya, akuya ta cinye wa mai ƙosan takardar naɗi, na ba da haƙuri. Sauran hanyar a bayan motar itace muka yi ta, rana ta riga ta take.

Yolde Pate

Likitan, dattijon Bafulatani da kowa ke kira Bappa, yana kan tabarma a ƙofar gida. Ya saurari Baba har ƙarshe, bai yi dariya ba, ni ce ma na yi tsaki.

"Malam, labarin gaskiya ne," ya ce. "Amma ba a abinci yake ba, ba kuma allura. Tun akuya ba ta zama akuya ba ake sa mata ƙwayar halittar gizo-gizo, a ɗakin bincike. Nonon ma sai injina sun tace shi. Wannan dai akuya ne kawai, kuma ƙura kake ba shi."

"Ko a Abuja ba a yi?"

"Ban ji ba."

Baba ya kalli ledarsa. Sannan ya ce, a hankali, "Yarona fa, da rigar yadi yake shiga daji."

 Ni ma tsoron nan nake kwana da shi, ina dai ɓoye shi ne cikin masifa. Bappa ya ɗura wa akuya maganin tari, ya ƙi karɓar komai.

Gida

Mun iso bayan la'asar, ina warin akuya.  Da Baba ya yi salla sai ya ɗauko rigar da Bukar ya bari, ya ninka mata yadi a ƙirji, ya zare allura da zaren hularsa na kullum.

Na ce, "Baba, wannan ai ba zai tare komai ba."

"Na sani. Riƙe mini nan."

Na zauna na riƙe.

Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, da Bappa da ya gaya wa mahaifina gaskiya ba tare da ya kunyata shi ba. Wanda ya karanta ya sa Bukar a addu'a. Rigar ta tafi da direban da ke zuwa Madagali, an ce kuma ya sa ta.