Tuwon Gayyar Adama

A unguwannin da ke bayan tashar motar Funtua, in ka ce Adama za a tambaye ka wace Adamar. In ka ce mai daɓe, nan take za a nuna maka hanya. Doguwa ce siririya, mai saurin tafiya kamar wadda ta baro miya a wuta. Ba ta da yawan magana, amma in ta ɗaure fuska ko akuya ba ta ratsa gabanta. Aikinta daɓen ƙasa, irin wanda siminti ya kora daga gidajen masu hali ya bar wa talaka: a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa da madaɓai su yi ta bugu har ƙasa ta kwanta, sannan a shafe da ruwan makuba. Daɓen da Adama ta ja gaba a kansa, sai ka shanya gari ka kwashe ba ka haɗa da tsakuwa ba.

A wani ƙauye gaba da Dandume aka haife ta, cikin Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka ɗauki fartanya, har Fillancin ya rage musu na gaisuwa da na tsawata wa shanu. Can ta auri Manu, can suka gina gidansu na ɗaki biyu da rumbu, ita ta daɓe shi tana da cikin 'yarsu Fiddausi. Shekarar da masu bindiga suka hana noma a yankin, suka ɗaure abin da babur zai iya ɗauka suka shigo Funtua. Manu ya samu aikin kora shanu da lodinsu a kasuwar dabbobi. Ita kuwa Adama ta fara koyon abin da ba ta taɓa sani ba tun da uwarta ta haife ta, wato zaman haya.

Wanda bai yi zaman haya a garin hatsi ba, kada ya sa baki a wannan magana. Ba a daka da sassafe, ba a kiwon ko kaza, ba a kafa ƙusa sai an nemi izini. Duk wannan mai sauƙi ne. Da zarar kaka ta yi, 'yan kasuwa sun fara sayen masara suna ɓoyewa, sai ɗaki ya fi riba da buhu a ciki a kan ɗan Adam, domin buhu ba ya shiga banɗaki, ba ya haihuwa, ba ya zuwa ba da haƙuri. Sai mai gida ya zo yana jan carbi ya ce ƙanensa zai yi aure, a ba shi ɗakinsa. Kana fita ka ga ango da amarya sun iso a bayan mota, buhu-buhu. In kuwa an bar ka, to ɗakin da ke jikin naka aka cika, aka jefa maganin ƙwari aka toshe ƙofa, warin ya riƙa biyo saman bango yana sauko maka. A irin wannan ɗaki Fiddausi ta kwashi tarin da har yau yake tasar mata.

Duk da haka Manu bai ga laifin haya ba, kuma ba wauta ce ta sa shi ba. Duk lokacin da Adama ta ɗauko maganar gini, amsarsa ɗaya ce.

"Gidan da muka gina da hannunmu, wa ke kwana a cikinsa yau? Jemagu. Haya ko ba komai, in wuri ya yi zafi sai ka naɗe tabarmarka. Bango ba ya hawa babur, Adama."

"To mu yi ta naɗe tabarma har ta zama likkafani ke nan, Malam? Kayan aro ba ya rufe katara. Ni so nake in zubar da ruwan wanke-wanke a inda ba mai zuwa ya tambaye ni dalili."

Haka suka yi ta ja, ba wanda ya kayar da wani, har Malam Maitama kafinta ya zo da maganar gayya.

Maitama ɗan haya ne shi ma, ga baki kamar an shafa masa zuma. Ya samu wani dattijo mai tsoron Allah ya ba da fakon gonarsa da ke bakin gari, inda ko ƙaya ba ta son fitowa, aka yanka wa 'yan hayar unguwa fegi-fegi. Tsarin kuwa ba wuya: kowa ya nemo kwanonsa da katakonsa, jama'a su kawo hannu. A taru a kwaɓa ƙasa, a buga tubali, a gina wa mutum ɗaya a rufa, a koma kan na gaba. Wanda ake yi wa aiki shi ke ciyar da jama'a, kamar gayyar noma. Abin da ya sa mutane suka yarda shi ne maganar da Maitama ya yi a gaban kowa, hannunsa a ƙirji.

"Ni ne na ƙarshe. Sai kowa ya shiga ɗakinsa sannan a aza tubalina na farko."

Kuma a yi masa adalci, ya riƙe abin. Duk ranar aiki tun hantsi bai yi ba yana kan babur ƙofa-ƙofa, wanda ya ce bayansa na ciwo ya tsaya masa a kai har sai ya fito. Rani na farko Manu ya ƙi zuwa, sai Adama ta ɗauki rabon gidansu ita kaɗai. Ta jido ruwa daga kududdufi har gashin tsakiyar kanta ya zube, in an rufa ɗaki kuma ta tara mata su daɓe. Da rani na biyu ya zo, wata safiya sai ga Manu ya naɗe wando ya shiga cikin kwaɓi yana takawa. Adama ta yi kamar ba ta gan shi ba, amma ranar har da man shanu a miyarsa.

Gidaje suka tashi a fako ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura biyu, na Adama sannan na Maitama. A nan ne Mansura matar Maitama ta zo mata da tsohon ciki, ta zauna a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen hijabi.

"Yaya Adama, mai gidanmu ya ce mu tashi. Ga ni yau ko gobe. Malam yana jin nauyin ya yi miki magana da kansa. Da za ki yi mana kara a fara namu, ai naku kwana kaɗan ne a gama."

Adama ta dubi cikin nan, ta tuna yadda ta yi nata daɓen da ciki, kunya ta rufe ta. Ba ta ko jira Manu ba, ta ce ba komai, Allah Ya raba lafiya. Da ya dawo ta gaya masa.

"Mai kora a baya yake tsayawa," ya ce. "Ran da ya wuce gaba, shanu watsewa suke yi."

Ta ce masa mutane ba shanu ba ne. Ta yi gaskiya, domin saniya ba ta yin alkawari balle ta saɓa.

Gidan da aka ce ɗaki biyu ne sai ga shi ya zama uku, wai tunda an riga an kwaɓa ƙasa kada ta lalace. Aikin ya ci sauran ranin. Adama ta daɓe ɗakunan nan uku da hannunta, ta ba su makuba har suna ƙyalli, Mansura ta haihu a ciki aka sha suna. Daga ranar babur ɗin Maitama bai ƙara zagaya ƙofar kowa ba.

Da aka zo kan na Adama sai ciwon baya ya zama annoba a sabuwar unguwa. Wannan ya tafi ta'aziyya Malumfashi, wancan surukarsa ba lafiya. Da 'yan tsirarun da ke zuwa aka lallaɓa bango ya kai taga, sauran tubalin kuwa yana shanye a ƙasa jere-jere yana jiran masu miƙawa. Ga kwano da katako a jingine. Aikin wuni guda ne in jama'a sun fito, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shi ta riga ta yi sallama da mai gidan haya, shi kuma ya yi wa wani mai takin zamani alkawarin ɗakin. Zafi ya tsananta, gabas ta fara haɗa rai da yamma. Tubalin ƙasa kuwa kowa ya san ba ya gaisawa da ruwan sama.

Ta sa hijabi ta sami Maitama a ƙofar sabon gidansa yana goge babur.

"Malam Maitama, hadari fa ya fara leƙowa."

"Haba Adama, ai kin wuce haka a wurinmu. Asabar ɗin nan in sha Allahu, da kaina zan buga kwanon. Ke dai ki tuƙa tuwo da yawa."

Ta aika ƙauyen Mahuta aka kawo mata akuyarta guda da ta ba da kiwo, aka yanka. Ta ari tukwane da kwanoni a maƙwabta. Ranar Juma'a aka yi ɗan yayyafin da ya jiƙa ƙasa, wanda bai isa shuka ba amma ya isa hujja.

Asabar tun da safe ita da Fiddausi suka hura wuta a gefen fegin. Tuwo ya nuna, miya ta yi ƙamshi har bakin titi. Hantsi ya yi, rana ta take tsaka. Waɗanda suka zo tsofaffi ne biyu, su ma da ƙyar suke ɗaga tubali guda. Sauran an ce sun tafi gona duba ƙasa. Shi kuwa kafinta ya samu aikin rufin shago a cikin gari. Daga inda Adama take tsaye tana hango rufin gidajensu suna walƙiya a rana, ba ɗaya da ba ta jiƙa ƙasarsa ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Baƙin ciki ya taso mata, amma ba ta yi kuka ba, fushin ya fi ƙarfin hawaye.

Sai ta jawo kwanonin aro ta fara zubawa. Tuwo, miya, tsoka a sama, ta rufe. Ta jera a babban faranti ta ɗora a ka, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ba ta shiga ko'ina ba. Sai ta yi sallama a zaure, in matar gida ta leƙo ta ajiye kwano a gabanta.

"Ga tuwon gayya. Da sunan mai gidan nan aka tuƙa, ba zan ci haƙƙinsa ba."

Wata ta fara rantse-rantse, wata ta kasa ɗaga ido. A gida biyu ta ga takalmin mai gida a bakin ƙofa, shi da aka ce yana gona. Na ƙarshe ta kai wa Mansura, wadda ta fito da jariri a kafaɗa tana cewa wallahi Malam bai so haka ba. Adama ta ajiye kwanon ta juya.

Bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Manu ya ruga kasuwar dabbobi ya aro tamfol, suka shimfiɗa a kan tubalin suka danne da duwatsu. Iskar farko ta ɗage shi ta maƙala a kan wata bishiya. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Suna tsaye a jiƙe suna kallo tubalin ya yi laushi, gefunansa suka zagwanye, jerin ya koma taɓo ja yana malala zuwa kududdufin da ta ɗebo ruwansa. Kafin magariba bangon gabas ya tsage ya kwanta. Adama ta jira Manu ya ce ai na gaya miki, har ta shirya amsar da za ta ba shi. Bai ce ba. Ya sunkuya ya fara kwashe kwanon rufin yana jingine shi inda iska ba za ta ɗauka ba, wannan kuwa ya fi yi mata ciwo.

Washegari kwanonin tuwon suka yi ta dawowa gidan haya, a wanke tas, kowane da saƙon Allah Ya mayar da alheri. A ƙofar gida kuwa motar taki ta riga ta tsaya, mai gidan hayar yana ta kai da komo yana duban agogo. Fiddausi na kwance a ciki tana tari saboda dukan ruwan jiya. Ba a gina ƙasa da damina, wannan ko yaro ya sani.

Mansura ce ta kawo nata kwanon da kanta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi jaje, ta daɗe tana murza bakin hijabi.

"Yaya Adama, Malam ya ce in gaya miki, ɗakinmu na uku ba kowa a ciki. Ya ce ku ba baƙi ba ne, ba zai karɓi haya a hannunku kamar yadda zai karɓa a hannun wani ba, zai rage."

Adama ta dube ta har Mansura ta sunkuyar da kai. Akwai maganganu a bakin Adama da in ta sake su sai unguwa ta taru. Ta waiwaya ta dubi Manu, yana zaune a kan turmi ya haɗa kai da gwiwa. Daga waje direba ya danna hon, masu sauke taki suka fara kwance igiya. Fiddausi ta sake yin tari.

"Sai dai ya ce don Allah ban da daka a ciki," Mansura ta ƙara da ƙaramar murya.

Adama ta karɓi kwanon daga hannunta ta kife a kan sauran.

"Ki ce masa mun gode," ta ce. "Ya bar ƙofar a buɗe, yanzu za mu kawo kaya."