Kurciya a Ƙofar Sawakin

Lokacin da nake ƙarama a unguwar Zahir ta Makka muke, cikin gidajen kara da gwangwani na mutanenmu Takari. Da an idar da isha'i sai Kaka, uwar mahaifina, ta zauna gaban murhu tana suyar gyaɗar da za ta sayar da safe, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na fakon wadda za ta yi tsalle daga kasko. Bagobira ce, zube ya cika mata kumatu, Larabcinta kuwa bai wuce na ciniki ba.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta yi sai ranar da itacen ya cika hayaƙi, idanun kowa na ruwa. Wai wata kurciya ce da 'ya'ya biyu, ta zo bakin babban ruwa za ta haye. Kunkuru mai fito ya ce bayansa ba zai ɗauki uku ba. A gaɓar akwai wani gida na farin dutse, da igwa biyu a ƙofarsa, kyanwoyi ne masu gadi. Sai kurciya ta miƙa wa kyanwa babbar 'yarta, ta ce amana ce, za ta dawo. Ta ɗauki ƙaramin ta haye.

A nan Kaka take tsayawa. Mu yi ta dariya, wa ke ba kyanwa ajiyar tsuntsu? In muka matsa mata ko kurciyar ta koma, sai ta ce, "Ku ci gyaɗa, 'yan nema, wuta na mutuwa."

Watan jiya mijina ya tafi Bur Sudan sayo riɗi, ya tafi da ni. Ranar da babu ciniki, mai masaukinmu da matarsa suka kai mu Sawakin ganin tsohon gari da ganuwarsa. Zafi da gumi kamar a tukunya, amma ina ta murna, matar tana yaba Larabcina na 'yan Makka. A bakin ƙofa wasu mata na tuyar ƙosai. Ɗaya ta ce mini da Hausa, "Sannu, 'yar uwa." Na amsa da Larabci cewa ban gane ba, na wuce.

Da muka shiga na ga farin dutsen. Na waiga na ga igwa biyu. Kyanwoyi kuwa ko'ina, a kan katanga, a cikin kango. Mai masaukinmu yana nuna wa mijina gine-gine, ya ce a da Takari da guzurinsu ya ƙare a nan suke barin yara hannun mutanen gari, su haye teku zuwa Jidda, yawanci ba a sake ganinsu. Mahaifina yana goye aka shigo da shi Jidda, kowa ya san wannan a gidanmu.

Da za mu fita matan suna nan. Na ja mayafi, na kafa ido a ƙasa har mota. Tsoro nake ji in ga fuskar da na sani.

Na dawo na sami Kaka a gaban murhu, idanunta sun kusa tafiya. Ba ta taɓa tsarabar da na kawo mata ba. Ta tambaye ni ko ƙofar tana nan, na ce tana nan. Ko akwai mutanenmu a wurin, na ce akwai.

"Kin duba fuskokinsu? Zubenta irin nawa ne. A cinyata aka yi mata."

Na ce ban duba ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ba kome, ɗiyata. Ni ma ban waiwaya ba."

Da muna yara na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a ba mugu amana. Yanzu na gane ba darasi Kaka take koya mana ba. Tana zayyana mana ƙofar ne dalla-dalla, ko Allah zai kai ɗayanmu can wata rana. Ni ya kai.