Ƙwaya Tara a Carbin Baba

Shekarar da na gama karatu a Sin na kawo wa Baba carbin. Bursi na samu, wato tallafin karatu, na karanta aikin ruwa, kuma a satin ƙarshe na shiga kasuwa neman tsaraba. A wata rumfa na ga carbi na icce mai ƙamshi, ƙwayoyinsa ja, sumul. Ban ƙirga ba. Ina so in ce ban lura rumfar tana jikin katangar wani ɗakin bauta ba, amma ba ni da tabbas. Mai yiwuwa na lura, na ce a raina carbi ai carbi ne.

Baba mai lambu ne, a wani kwari da ke wajen Gure ta hanyar Gidigir. Rogo da albasa yake yi, da 'yan itatuwan dabino. Karatunsa bai wuce na salla ba, sai dai ban taɓa ganinsa zaune hannu wofi ba. Da na miƙa masa tsarabar ya shinshina, ya ja ta sau ɗaya daga liman ya dawo liman, wato doguwar ƙwayar da ake farawa da ita. Ya ɗan tsaya, ya dube ni, ya ce Allah ya yi mini albarka. Tsohon carbinsa na roba ya rataye a ƙusa. Daga ranar, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji: "Daga Sin yaro ya kawo. Shinshina ka ji."

Bayan shekara uku ina aikin tafinta a Damagaram, wajen wasu Shinuwa, mutanen Sin, masu haƙar rijiyoyi. Wata rana na nuna wa tsohon da ke dafa musu abinci foton Baba. Ya ƙara girman foton, ya yi murna ƙwarai, ya janye hannun rigarsa, sai ga irin carbin da ke hannun Baba a foton a naɗe. Ya ce sunansa niyanju, ƙwayoyin ambato na mabiya Buda, kuma ɗari da takwas ne cif. Kowace ƙwaya ɗaya ce daga damuwoyin da ke dagula zuciyar mutum, waɗanda suke kira fannawo. Ya taɓa aiki a Japan, ya ce can carbin juzu ne, damuwoyin kuma bonno, har suna buga ƙararrawa sau ɗari da takwas a ƙarshen shekara don su rabu da su. Na rubuta komai a karnena, ɗan littafin da nake yawo da shi a aljihu, kamar yadda na saba tun ina ɗalibi a lakwal.

Sati biyu ban ji daɗin abinci ba. Namu casa'in da tara ne, na wasu ɗari. Idan zikirin Baba na shekara uku ya lalace, ni na lalata shi. Idan kuma bai lalace ba, ba ni da ilimin da zan ce haka. Na sayi wani carbi na kirki na sa a jaka, da niyyar in musanya a hankali, amma na ga wannan ma yaudara ce. Sai na kira yayana a waya.

Ya kamata in ce na san abin da ke tsakaninsu. Yaya ya daɗe yana cewa carbi ƙari ne a addini, yatsu sun isa, Baba kuma yana ce masa ya bari sai gemunsa ya yi fari. Na san wannan. Na gaya wa kaina cewa shi ne mai karatun gidanmu, shi ya dace a tambaya. Na ce masa maganar tsakaninmu ce.

"Bar mini," ya ce.

Da safiyar sunan ɗan Yaya aka yi, na zo gida don sunan. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an yi addu'a, ana rabon goro da dabino. Yaya ya zo ya durƙusa gaban Baba da ladabi.

"Baba, ara mini carbin nan in gani."

Baba ya ba shi yana murmushi, ina jin ya zaci yau ɗansa ya sauko. Yaya ya miƙe ya fara ƙirga da ƙarfi. Da ya wuce tamanin mutane suka kama masa. A casa'in da tara akwai wani jan zare a ɗaure, wanda ban taɓa lura da shi ba. Yaya ya tsallake shi. Ɗari. Ɗari da ɗaya. Har ɗari da takwas.

Wani tsoho, taubashin Baba, ya tafa hannu. "Kai, mai rogo! Ashe har gyara Shinuwa suka yi maka? Mu ko albasa ɗaya ba ka ƙara mana!"

Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Ina ganin da a nan abin zai tsaya.

"Mushe," Yaya ya ce da ni, wato malamin boko, haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "tashi ka gaya musu abin da ka gaya mini."

Na tashi. Zan iya cewa na manta, ko in ce kuskuren mai saka ne. Amma an tambaye ni a gaban malamai, kuma ina tsoron faɗin abin da ba daidai ba. Na ciro karnen. Na ce musu niyanju, na ce fannawo, har juzu da bonno da ƙararrawa, waɗanda ba wanda ya tambaya. Na bayyana yadda ake samun adadin: hanyoyin ji shida, kowace da daɗi ko ɗaci ko tsaka-tsaki, kowace da tsarki ko rashinsa, a jiya da yau da gobe. Na yi bayanin da kyau. Ba na jin na yi kuskure ko ɗaya.

"Wato na masu gumaka ne?" wani ya tambaya.

"Su ba haka suke cewa ba," na ce. "Amma akwai mutum-mutumi a ɗakunan nasu, e."

Dariyar da ta biyo baya ba irin ta farko ba ce. Wani ya ce shekara uku tsoho yana buga wa Buda waya bai sani ba. Wani ya ce shi ya sa dabinonsa ya yi 'ya'ya bana. Mutumin da ke zaune kusa da Baba, wanda ya sha shinshina carbin, ya goge hancinsa da bakin rawani, ya matsa gefe. Taubashin nan ne kaɗai bai yi dariya ba.

Baba ya miƙa hannu. Yaya ya ba shi carbin da yatsu biyu. Ya sa a aljihu, ya nemi takalmansa da kansa, ya tafi tun ba a feɗe rago ba.

Washegari da hantsi na same shi a lambu yana ban ruwa. Na gaishe shi, ya amsa. Na ciro sabon carbin daga jaka, na ce wannan na ƙirga sau uku.

"Mai da shi," ya ce. Ya ajiye guga ya zauna a gindin dabino. "Kana tsammani mutumin da ya fi shekara hamsin yana jan carbi ba zai ji ƙwaya tara sun ƙaru ba? Tun ranar da ka ba ni na sani. Wa ya ɗaura jan zaren?"

Na ce ban sani ba.

"In na kai zaren na gama da na Allah. Taran da suka rage na ce na wanda ya kawo ne. Allah ya tsare shi a hanya, Allah ya tsare shi a wajen aiki, haka har tara. Bayan kowace salla."

Na fara cewa ban yi nufin haka ba, tsoro na ji, kuma wataƙila malamai za su ce babu laifi tunda niyya ce. Bai saurare ni ba. Ya zaro wuƙar da yake sassabe da ita, ya yanke igiyar daidai jan zaren. Casa'in da taran ya zube su a ramin da ya haƙa don dashen rogo, ya tura ƙasa da ƙafa.

Bai sake riƙe carbi ba, har na robar da ke ƙusa. Da yatsu yake ƙirga yanzu, kamar yadda Yaya ya so, kuma a kasuwa har yau in ya sauke albasa akwai masu tambayarsa ko ɗari da takwas ce.

Taran kuwa a ranar ya kama hannuna ya zuba mini su a tafi, ya rufe yatsuna a kansu.

"Ga naka," ya ce. "Kai mai ilimi ne. Ka riƙa yi wa kanka."