Yadda Aka Cire Min Maƙoƙo a Zariya

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Mun tashi da asuba daga Ƙofar Guga a Katsina, ni da ƙanena, muka nufi Zariya a cire min maƙoƙon da ya shekara shida a wuyana. Shekara ashirin ina kamasho a tasha, ina cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, sai ranar na san abin da nake yi wa bayin Allah. Kafin Malumfashi ƙafata ta mutu. Wai sojoji sun koma bariki, fastocin 'yan siyasa ko'ina, amma ramukan hanya ba su ji labari ba. A Funtuwa ƙanena ya ci tuwo da nama. Ni kunu kaɗai ke wucewa, shi ma tsararo, ga tsada.

Likitan da muka samu a asibitin Zariya ɗan siriri ne, ba ya son surutu. An ce ba aikin da yake yi sai irin wannan kumburi, na wuya da na saman ƙoda. Ya tsaya bayana, ya dafa wuyana da yatsu, ya ba ni ruwa ya ce in haɗiye. Sannan ya tambayi sana'ata.

"Kiran fasinja nake, likita. Da maƙogwaron nan nake ciyar da iyali."

Ya ce akwai wata jijiya kamar zare a bayan kumburin, ita ke riƙe da murya. In ta taɓu, sai raɗa har mutuwa. "Zan nemo ta tukuna kafin in yanki komai, Malam. Amma ban yi maka alkawari ba."

Bayan kwana uku na gwaje-gwaje na dangwala yatsa a takarda, aka shiga da ni.

Da na farfaɗo, fuskarsa na fara gani. "Malam, ce wani abu."

Na ce, "Kano, saura mutum ɗaya."

Kamar kukan tsohon zakara, amma ta fito. Ma'aikatan jinya suka fashe da dariya. Shi numfashi kawai ya sauke, ya wuce gado na gaba.

An sallame mu bisa sharaɗin ba ihu sai bayan wata guda. Mun iso Katsina da la'asar. Abin da na koyo bai da yawa: wanda ya iya aikinsa ba ya cika baki.

Washegari na je tasha, wuya a naɗe. Direbobi suka taso ni, "Baba, lasifika ta lalace ne?" Na zauna a benci ina nuna wa mutane mota da hannu, har ta cika.