Safiyar da Aka Hana Ni Tada Yayata

Ko zan manta komai na shekarar da yayata ta yi jinyar sankarar mama, ba zan manta safiyar da na tsaya ƙofar ɗakinta a Tsibiri ina roƙon a bar ni in tashe ta ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni ce mai kai ta asibiti a Maraɗi, inda ake ɗaura mata ruwan maganin da ake kira shimiyo. Maganin ya wahalar da ita, gashi ya zube, barci kuma ya ƙaurace mata. To kun san mutanenmu da dubiya: ba mai zuwa hannu rabbana, kuma kowa likita ne. Mai sassaƙe, mai zuma, duk da sauƙi, a karɓa a yi godiya a tura ƙarƙashin gado. Wanda ba ya turuwa shi ne na yayan mijinta, wani Alhaji ɗan kasuwa da ya fi zaman jirgi a kan zaman gida. Shi ya kawo kwalbar melatonin daga waje, wai can ya ji ana haɗa shi da shimiyo. Ƙwaya ce mai sa barci, ana shan ta in za a kwanta, amma Alhaji lokacin da yake da sukuni kawai ya sani. In yana gari, kullum da hantsi zai tsayar da mota, ya zazzago a tafinsa, ya tsaya sai ta haɗiye. Ni ina Sabon Gari, ba wanda ya faɗa mini.

Ranar randebu, wato ranar da likita ya sa mu koma, Alhaji ya riga ni zuwa, ya ba ta har da ƙari don ta ji ƙarfin tafiya. Na tarar da uwar mijinta, wadda ta zo jinya daga Jiratawa, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa.

"Inna, ina kwana. Yaya ta shirya?"

"Yi a hankali, ɗiyata, barci take. Tun da cutar nan ta kama ta ba ta samu irinai ba. Lahiya ce ta zo."

"Inna, yau hwa ranar shimiyo ce."

"Shimiyon mi? Wanda ka sa ta amai? Ba a tada marar lahiya, ke ma kin sani."

Ba irin magiyar da ban yi ba. Na kira mijin Yaya a kasuwa, ya ce abin da Inna ta ce. Na kira Alhaji, ya yi dariya ya ce kin ga aikin magani. A nan na fara jin labarin ƙwayar. Haka na zauna ina kallon inuwa tana janyewa. Da rana ta take na tsallake tabarmar, na shafa wa Yaya ruwa a fuska, na zura mata hijabi, na ɗauki kwalbar da Alhaji ya bari, na ja ta zuwa mota. Inna na bayana tana cewa ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba.

Ko da muka isa an gama da marasa lafiyar ranar, sai dai sabon randebu. Likita ya juya kwalbar, bai ko yi faɗa ba. Ya ce ana iya haɗawa, amma shi zai faɗi lokaci da yawan da za a sha. "Me ya hana ku tambaye ni?"

A hanyar komawa na ce, "Yaya, don Allah ba sai ki ƙi sha ba?"

Ta share hawaye ta ce, "Yayan mijina ne, yana tsaye kaina. Da wane baki?"

Duk makonnin da muka yi jira, hannunta na kan ƙullun da ke mamanta, tana tambaya ta ko ya ƙaru. Tun daga nan na koyi cewa duk abin da mai dubiya ya kawo, komai girmansa, likita zai fara gani. In kuwa kunya za ta ci ran ɗan uwana, gara a kira ni marar kunya.