Ma'aunin da Ya Ce a Ƙara Haske

Tun yana saurayi, Mai Hoto ba ya danna kyamara sai ya kai ma'aunin haske ƙarƙashin haɓar mutum, ya kunna filashi, ya karanta abin da ya nuna. Ma'aunin bai taɓa ba shi kunya ba, sai da 'yarsa ta kawo masa sabon filashi na aiki a tsakar rana. Shi wannan, idan an ƙara wa kyamara sauri, ba walƙiya ɗaya yake yi ba, ƙyaftawa yake a jere. Tsohon ma'auni kuwa ta farko kawai yake kamawa, ya ce haske ya yi kaɗan.

Ranar da za a tafi da yayarsa jinya mai nisa, ta ce ya ɗauke ta hoto a ƙofar gidanta. Ma'auni ya ce a ƙara haske, ya ƙara. Da ya nuna mata hoton, fuskarta ta fito fara fat, ba hanci ba baki.

"Auta, fatalwa ka mai da ni tun ban mutu ba?" in ji ta, tana dafe da ƙyaure.

"Yaya, tsaya in sake aunawa."

"Tela ma sau ɗaya yake auna ni."

Ya auna, ya rage, ya ƙara, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kafin ya haƙura ya gwada da ido, ƙafafunta sun gaji, an riƙe ta an sa ta a mota. Ƙofar kaɗai ya ɗauka, hoton kuwa ya fito tsaf.